Amsoshin Tambayoyinku: Sun Haddace Jadawalin Sau, Amma Rabawa Ta Gagare Su

TAMBAYA: Ni malamar aji uku ce a wata makarantar firamare ta gwamnati, ɗalibaina sun haura saba'in. Sun iya rera jadawalin sau tun daga na biyu har na shida, ba gargada. Amma idan na tsinko tambaya daga tsakiya, na ce shida sau huɗu nawa ne, sai in ga yaro ya koma farko yana motsa baki har ya iso wurin. Rabawa kuwa ba a magana. A wani taron bita da aka yi mana an ce mu riƙa sa su jera tsakuwa sahu-sahu. Shin wannan ba wasa ba ne da ɓata lokaci, ga manhaja na jiranmu? Kuma ta yaya jera tsakuwa zai koya wa yaro rabawa? Daga wata malama, Funtuwa, Jihar Katsina.

AMSA: Malama, Allah ya ƙara miki haƙuri da lada, riƙe aji mai yara saba'in ba ƙaramin aiki ba ne. Jera tsakuwa ba ɓata lokaci ba ne muddin malami ya san abin da yake nema da shi. Idan bai sani ba kuwa, tsoronki yana kan hanya, ana iya cinye zango guda yara na wasa da tsakuwa ba su ƙaru da komai ba. Don haka bari mu bi abin daki-daki.

Yaron nan da ke komawa farko ba daƙiƙi ba ne. Ya riƙe jadawalin ne a matsayin waƙa, shi ya sa sai ya kama daga farko kafin ya iso inda kike so. Kalmomin "shida sau huɗu ashirin da huɗu" suna bakinsa, amma babu wani hoto a kansa da suke tsaye a kai. Ranar da ya manta, ba shi da hanyar da zai bi ya sake gano amsar. Kuma tun da bai taɓa ganin yadda shida-shida suka haɗu suka zama 24 ba, idan kika ce ya raba 24 gida shida, a wurinsa wani sabon karatu ne fil, marar dangantaka da abin da yake rerawa kowace safiya. Wannan hoton da ya rasa shi ne jeri yake ba shi.

Abin da ake nufi da jeri shi ne a tsara abubuwa sahu-sahu, kowane sahu adadinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, kowane abu kuma yana saitin wanda ke gabansa, ta yadda za a samu layuka a kwance da layuka a tsaye. Yaranki sun daɗe da saninsa, suna ne kawai ba su ba shi ba. Kiret ɗin ƙwai sahu biyar ne na shida-shida, ƙwai 30. Kiret ɗin lemon kwalba sahu huɗu ne na shida-shida, kwalba 24. Ramukan dara da dattawa ke tonawa a ƙarƙashin inuwa sahu biyar ne na shida-shida. Haka masu buga bulo suke shanya shi. Ki fara da sa su kawo miki misalai irin waɗannan daga gida da hanya, za ki sha mamakin abin da idonsu yake gani.

A darasin farko ki ba kowane rukuni tsakuwa 12, ki ce: "Ku jera mini su sahu-sahu, kowane sahu daidai da ɗan'uwansa, kada ko ɗaya ta yi saura." Kada ki nuna musu yadda za su yi. Wasu za su yi sahu uku na hurhuɗu, wasu sahu biyu na shida-shida, wani mai wayo zai miƙe su layi ɗaya na 12, kuma duk sun yi daidai. Ki zana kowanne a allo da ɗige-ɗige, sannan ki yi musu tambayoyi uku waɗanda za ki yi ta maimaitawa har su saba da su: sahu nawa ne? Nawa ne a kowane sahu? Nawa ne duka? Idan sun amsa, su faɗa da baki tukuna: "Huɗu, da huɗu, da huɗu. Huɗu sau uku ke nan, goma sha biyu." Sai bayan wannan ki rubuta 4 + 4 + 4 = 12, a ƙarƙashinsa kuma 4 × 3 = 12. Za ki tarar wasu littattafan suna fara rubuta yawan sahu kafin abin da ke cikin sahun, wato 3 × 4. Ki zaɓi hanya ɗaya ki riƙe a makonnin farko don kada su rikice, amma kada ki kayar da yaro don ya rubuta ɗayar.

Yanzu ga inda yawanci ake yin tuntuɓe, kuma a nan nake so ki fi sa ido. Mu manya muna kallon jeri mu ga sahu nan take, sai mu ɗauka yaro ma haka yake gani. Sau da yawa ba haka ba ne. A 1998 wani masanin koyar da lissafi a Amurka, Michael Battista, tare da abokan aikinsa, sun wallafa binciken da suka yi da yara 'yan aji biyu, inda suka nuna musu zane mai kusurwa huɗu da aka fara cike shi da ƙananan gidaje, suka tambaye su gida nawa zai cike shi duka. Da yawa daga cikin yaran ba su ga sahu ba sam. Wasu gefe-gefe suke bi suna kewayawa, wasu su ƙirga gida ɗaya sau biyu, wasu su tsallake. Ma'ana, ganin sahu a matsayin abu guda shi kansa karatu ne da sai an koyar. Yaron da ya jera tsakuwa 24 tsaf, sannan ya ɗora yatsa yana "ɗaya, biyu, uku" har zuwa 24, ƙirge yake yi, bai fara ninkawa ba tukuna. Idan aka bar shi a haka, to an yi wasan da kike tsoro.

Maganin ba shi da wuya. Bayan sun jera, ki sa su rufe jerin da littafi, su bar sahun sama kawai da layin tsaye na gefen hagu a buɗe, ki ce su faɗi adadin duka. Tun da babu abin da za su ɗora wa yatsa, dole su yi tunani: akwai shida a sahu, sahun kuma huɗu ne, shida, goma sha biyu, goma sha takwas, ashirin da huɗu. Ko ki zana jeri a kwali, ki ɗaga na ɗan lokacin da ba zai isa ƙirge ba, ki kife, ki tambayi abin da suka gani. Ko su riƙa jan littafin ƙasa, sahu ɗaya na fitowa suna kiran jimilla. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga 'yan kasuwa a Tasawa a 1851 suna ƙirga kuɗin wuri biyar-biyar suna tara su tsibi-tsibi, domin wanda zai ƙirga dubban wuri ɗaya bayan ɗaya rana za ta faɗi bai gama ba. Wannan dabarar ce muke so ta zauna a hannun yaro.

Idan sun fara ganin sahu, sai ki ce su tashi su koma ɗaya gefen tebur su sake kallon jerin nan, ba tare da sun taɓa ko tsakuwa ɗaya ba. Abin da ɗazu yake sahu uku na hurhuɗu yanzu ya zama sahu huɗu na uku-uku. Ki tambaye su: an ƙara? An rage? Ki bar su su faɗa da kansu cewa huɗu sau uku da uku sau huɗu abu ɗaya ne. A nan jeri ya fi kashi-kashi, irin wanda muka saba zanawa na da'ira da ɗigo a ciki. Faranti uku masu lemo hurhuɗu, da faranti huɗu masu lemo uku-uku, babu abin da zai nuna wa yaro cewa daidai suke sai ya ƙirga. A jeri kuwa idonsa ne shaida, kuma ya ga dalilin da ya sa dole hakan ta kasance ga kowace lamba biyu, ko 7 da 9 ne, ko 20 da 50.

Ki duba irin nauyin da wannan kaɗai yake sauke wa yaro. Daga ɗaya sau ɗaya zuwa goma sau goma akwai amsoshi 100 da ake so ya riƙe. Da zarar ya gane juyawa ba ta canza komai, sun koma 55. Ki cire na ɗaya, da na biyu, da na biyar, da na goma, waɗanda yara ke kamawa da wuri, abin da ya rage 21 ne kacal. Ki gaya musu wannan, yana ƙarfafa musu gwiwa.

Su ma 21 ɗin jeri yana da hanyar kai wa gare su, kuma a ganina wannan ne mafi daraja a cikin dukan abin da yake koyarwa. Ɗauki takwas sau bakwai, wanda har manya kan yi ɗan jim kafin su amsa. Su jera sahu bakwai na takwas-takwas, su ɗauko tsinken tsintsiya su gitta shi bayan sahu na biyar. Sama da tsinken akwai sahu biyar na takwas, 40, sun san wannan. Ƙasa da shi sahu biyu na takwas, 16, shi ma sun sani. A haɗa, 56. Wani yaron zai gitta tsinkensa a tsaye ya raba kowane sahu hurhuɗu, ya samu 28 da 28, shi ma 56 ya iso. Ki yaba masa, ki sa ya nuna wa aji. Na tara kuwa ta ɗebewa ake binsa: sahu goma na shida-shida 60 ne, a janye sahu ɗaya, saura 54, shi ne shida sau tara. Na huɗu ninkin na biyu ne, na shida kuma na biyar ne da ƙarin sahu ɗaya. Yaron da ya iya wannan, ko ya manta amsa a ɗakin jarrabawa, zai gina ta daga abin da ya sani. Kuma idan ya shiga aji huɗu aka ba shi 13 × 4, zai yanka 13 zuwa 10 da 3, ya samu 40 da 12, ya haɗa 52. Ninkawar manyan lambobi da ake jerawa a rubuce, wadda yara da yawa ke bi a makance, wannan yankan ne a cikinta.

Sai tambayarki ta biyu, ta rabawa. Kowane jeri yana ɗauke da lambobi uku: yawan sahu, abin da ke cikin kowane sahu, da jimilla. A ninkawa an ba ki biyun farko, jimillar ake nema. A rabawa an ba ki jimilla da ɗaya daga cikin biyun, ɗayar ake nema. Hoton bai canza ba, abin da aka ɓoye ne ya canza. Shi ya sa ban ga dalilin a jira sai zango na gaba kafin a ambaci rabawa ba. A makon da suka jera 12, a makon ya kamata su ji ta.

Amma ki lura, tambayar rabawa iri biyu ce, kuma hannun yaro yana yin aiki daban a kowacce. Ta farko: alewa 12 ce, yara uku za su raba daidai, nawa kowa zai samu? A nan an san yawan sahu. Yaro zai ja layi uku a ƙasa, ya riƙa ajiye ɗaya-ɗaya a kowanne har tsakuwar ta ƙare, sannan ya duba tsawon sahu, huɗu. Ta biyu: alewa 12 ce, kowane yaro za a ba shi uku, yara nawa za su samu? A nan tsawon sahu aka sani. Zai jera uku, ya sake jera uku a ƙarƙashi, har ta ƙare, sannan ya ƙirga sahun, huɗu. Duka biyun 12 ÷ 3 = 4 ake rubuta su. Mu malamai mun fi yawan koyar da ta farko, saboda rabo tsakanin mutane ya fi saurin zuwa baki. Sai ranar da aka tambayi yaro fensir nawa zai saya da naira 500 idan kowane ɗaya naira 100 ne, ya tsaya yana kallon takarda, domin bai ga mutanen da za a raba wa ba, don haka bai gane rabawa ba ce. Ki riƙa cakuɗa iri biyun tun daga farko, kuma ki sa su ma su ƙirƙiro labarinsu.

Daga nan, duk jerin da suka yi, su rubuta jimloli huɗu a ƙarƙashinsa: 4 × 3 = 12, 3 × 4 = 12, 12 ÷ 3 = 4, 12 ÷ 4 = 3. Idan wannan ya zauna, kika ce 24 a raba shida, yaro zai tambayi kansa: shida sau nawa ne zai ba ni 24? A nan jadawalin da suka sha rerawa zai fara yi musu amfani a rabawa.

Game da alamomi, kada ki yi gaggawa. Alamar × ta bayyana ne a littafin wani Bature ɗan Ingila, William Oughtred, a 1631, alamar ÷ kuma a na Johann Rahn ɗan ƙasar Suwizalan a 1659, alhali mutane sun yi dubban shekaru suna ninkawa da rabawa kafin nan. Ma'ana ta riga alama, haka ya kamata ta riga ta a aji. Masanin halayyar ɗan'adam Jerome Bruner ya bayyana a shekarun 1960 cewa yaro kan kama ilimi ta hanya uku, ta aikin hannu, ta hoto, da ta alama, kuma a kan wannan ne ƙasar Singafo ta gina koyar da lissafinta na firamare tun shekarun 1980. Sai dai kamar yadda gaggawa take da illa, haka daɗewa a kan tsakuwa. Bayan 'yan darussa su koma zanen ɗigo a littafi. Daga nan su yi amfani da littafin lissafi mai gida-gida, su kewaye gidaje shida a kwance da huɗu a tsaye. Daga bisani su zana kusurwa huɗu kawai, babu komai a ciki, su rubuta 6 a sama da 4 a gefe. Idan sun kai nan, hoton ya koma cikin kai, tsakuwa sai idan an maƙale.

Kada kuma wani ya sa ki watsar da hadda. Ban yarda da masu cewa ta tsufa ba. Yaron da sai ya zana jeri kafin ya san bakwai sau shida zai wahala idan aka zo ɓangarori da doguwar rabawa. A Ingila manhajarsu ta ambaci jeri tun daga aji ɗaya, amma tun 2022 wajibi ne 'yan aji huɗu su yi gwajin jadawalin sau har zuwa 12 × 12, tambaya 25, kowacce daƙiƙa shida. Sun haɗa biyun ke nan. Yaranmu kuwa, da yawansu sun saba da hadda tun daga makarantar allo da Islamiyya, wannan baiwa ce da bai kamata a yi wasa da ita ba. Abin da za ki canza shi ne tsari: su gina jadawali da jeri tukuna, sannan su rera shi, kuma kowace rana ki ware minti biyar kina jefa tambaya a birkice, ta sau da ta rabawa a gauraye.

Batun yara saba'in, na san shi ne ya fi damunki ko da ba ki faɗa ba. Ki kasa su rukuni na biyar ko shida, kowane rukuni da ledarsa mai ɗauke da tsakuwa, ko marafan kwalba, ko ƙwallon dabino, kamar guda 60, su da kansu za su tattaro. Ki guji wake da gyaɗa, wani zai ci, wani ƙaramin zai tura a hanci. Mai shayi ko mai sayar da ƙwai ba zai hana ki tsofaffin kiret ba, kuma ana iya yanka su zuwa jeri iri-iri. Idan ajin ya matse, ku fita ƙarƙashin bishiya su huda ramuka a ƙasa da yatsa, ba a sayi komai ba. Wanda ya fi shiga ransu shi ne su kansu su zama jerin: ki fito da yara 24, ki ce su tsaya sahu huɗu, sauran aji su faɗi nawa ne a kowane sahu kafin a ƙirga. Sai ki ce kowa ya juya dama, ki tsaya a sabon gabansu, ga sahu shida na hurhuɗu. Ki ce su sake tsayawa sahu uku, sannan sahu biyu. Wata rana ki ba rukuni 16 su gano tana yin jeri mai tsawo da faɗi ɗaya, ki ba wani rukunin 13 ki bar su su yi ta fama har su tabbatar ba ta jeruwa sai layi ɗaya. Ba sai kin ba waɗannan lambobi suna ba, za su tuna da su ranar da aka zo darasinsu a gaba. Sifili ne kaɗai jeri ba ya nunawa da kyau, don shi ki yi amfani da faranti huɗu da babu komai a ciki.

Sauran abu ɗaya shi ne ragowa. Ki ba su 14 ki ce su jera uku-uku. Za su samu sahu huɗu cikakku da guda biyu da suka kasa cika na biyar. Waɗannan biyun su ne ragowa, kuma yaro yana gani da idonsa dalilin da ya sa ragowa ba za ta taɓa kai uku ba idan da uku ake rabawa, domin da ta kai, da ta zama sahu. Wannan yana gyara kuskuren masu rubuta 14 ÷ 3 = 3 saura 5. Bayan haka ki gwada su da labari biyu a kan lambobi ɗaya. Ɗinki ɗaya yana cin maɓalli uku, tela yana da 14, riga nawa zai gama? Huɗu, biyu su yi saura. Yara 14 za su je gidan suna, kowace adaidaita tana ɗaukar uku, adaidaita nawa za a kira? Wasu za su ce huɗu saura biyu, kamar yadda suka rubuta ɗazu. Kada ki gyara musu. Ki ce su jera tsakuwar, ki nuna biyun nan na ƙasa, ki tambaya ko a gida za a bar su. Wanda ya ce biyar, ki sa ya tashi ya yi wa sauran bayanin dalilinsa.